Babi na Huɗu: Fitilar Sola a Ƙofar Gida da Turken Dabbobi

Darasi na 1: Sanin kayan aiki

Kafin ku taɓa komai, ku shimfiɗa tabarma ku jera kayan a gabanku. Guda huɗu ne. Akwai farantin sola, wato baƙin allon nan mai gilashi da ake ɗorawa a kan rufi. Akwai batir. Akwai ƙwan fitila. Sai ƙaramin akwati mai ramuka shida a ƙasansa, wanda masu gyara suke kira kwantirola. Shi ne mai raba wuta, ya karɓo daga faranti ya zuba a batir, ya ɗebo daga batir ya ba ƙwai.

Ku duba jikin batir. Za ku ga an rubuta 12V. Harafin V yana nufin bolt, ma'aunin ƙarfin wuta. Ƙwan da za ku saya dole shi ma ya zama na 12V. Ƙwan wutar NEPA ba zai yi ba.

Yanzu ku nemi alamomi biyu a kan batir. Ɗaya sanda biyu ce da suka gitta juna, kamar haka: +. Ɗayar sanda guda ce a kwance, kamar haka: −. Jar waya ta + ce, baƙar waya ta − ce. Ku ɗora yatsa a kan kowace alama ku faɗi launinta da ƙarfi. Ba abin kunya a ciki, kowa da haka ya fara.

Darasi na 2: Haɗa wayoyi

A nan ne yawancin ɗalibai suke tuntuɓe, don haka za mu tafi a hankali. Sannu ba ta hana zuwa.

Ku ɗauki kwantirola ku dubi ramukan nan shida. Biyu-biyu suke. A kan biyun hagu akwai hoton faranti, a kan biyun tsakiya hoton batir, a kan biyun dama hoton ƙwai. Ido yakan so ya fara daga hagu, kamar yadda muke karatun boko. Kada ku bi ido. Daga tsakiya ake farawa. Batir ne farko.

Ku fere bakin jar waya kamar tsawon farcen ɗan yatsa, ku murɗa zaren tagullar ya haɗu wuri ɗaya. Ku sassauta sukurun da ke kan ramin + na tsakiya, ku zura wayar, ku ɗaure. Ku ɗan ja ta. In ta zame, ba ta ɗauru ba, ku sake. Haka za ku yi wa baƙar waya a ramin − na tsakiya. Sannan ku kai ɗaya bakin kan batir, ja a kan +, baƙa a kan −. A jikin jar wayar, kusa da batir, ku sa fiyus mai lamba 10A, irin na mota. In wayoyi suka haɗu da juna, shi zai tsinke maimakon wuta ta kama jinka.

Idan kun yi daidai, 'yar fitilar da ke jikin kwantirola za ta kama, ko lambobi su fito a fuskarsa. Sai kun ga haka za ku wuce gaba. In ba ta kama ba, ku tsaya, ku sake duba ja da baƙa.

Me ya sa batir ne farko? Domin daga batir kwantirola yake samun wutar da zai farka, kuma da shi yake gane ko 12V aka haɗa masa ko 24V. Farantin da aka rubuta wa 12V, idan rana ta take, yakan fitar da wuta wajen bolt 20. In wannan wutar ta riga batir shiga, kwantirola zai iya rikicewa ko ya ƙone. Saboda haka, batir ne farko.

Bayan batir sai faranti. Ku lulluɓe shi da buhu ko tsohon zane tukuna, ku haɗa wayoyinsa a ramukan hagu, ja a +, baƙa a −, sannan ku yaye buhun. Ƙwai shi ne na ƙarshe, a ramukan dama.

Mu maimaita. Wa ke farko? Batir. Sai wa? Faranti. Sai wa? Ƙwai. Ku rubuta a littafinku sau uku. Wanda hannunsa bai faɗa da rubutu ba tukuna, ya zana hoton batir ya sa lamba 1 a kansa, faranti lamba 2, ƙwai lamba 3, ya manna takardar a bango kusa da kwantirola.

Wajen kwancewa kuma sai a juya lissafin. Faranti ake fara cirewa, batir ya zama na ƙarshe. Batir shi ne mai gida, shi ke riga kowa shiga, shi ke fita bayan kowa.

Jama'a, a yi haƙuri da yawan nanatawa, amma dole a faɗa. Duk shekara sai an samu wanda ya gyaɗa kai a aji, ya je gida ya fara da faranti don ya ga rana na shirin faɗuwa, washegari ya dawo da kwantirola yana ƙauri yana cewa jabu aka sayar masa. Ba jabu ba ne, gaggawa ce. Dattijo da gemunsa bai kamata a faɗa masa magana ɗaya sau biyar ba. Batir ne farko.

Darasi na 3: Idan fitila ta daina kamawa

Kada ku yi saurin cewa batir ya mutu. Ku fara hawa ku dubi faranti. A lokacin hunturu ƙura takan rufe gilashin cikin 'yan kwanaki, ga kashin tattabaru, ga reshen darbejiya da ya yi tsawo ya yi masa inuwa. Inuwa ko a kusurwa ɗaya ce tana rage wuta sosai. Ku goge da tsumma mai laushi da ruwa mai tsabta, da sassafe ko da yamma. Ba a zuba ruwan sanyi a kan gilashin da ya sha rana.

Daga nan ku bi waya da hannu tun daga rufi har ƙasa. Ɓera yana cin waya, akuya ma tana ja. Inda kuka ga tagulla a fili, ku cire wayar faranti daga kwantirola, sannan ta batir, ku yanke wurin, ku haɗa, ku naɗe da baƙin tef. Da kun gama, wa za ku fara mayarwa? Batir.

Ku dubi kan batir. In akwai fari ko koren gari a wurin ɗaurin, ku cire faranti tukuna, sannan ku kwance ku kankare har ƙarfen ya yi haske. Kada garin ya shiga ido, kuma ku wanke hannu.

Mai mitar awo, wato na'urar auna bolt, ya juya ta kan 20V, ɓangaren da V take da miƙaƙƙen layi. A auna batir bayan ya huta, ba caji ba fitila. In ya nuna 12.6 ko sama da haka, a cike yake. In 12.0 ne, ya sauka ƙasa da rabi. In ya yini a rana amma awa ɗaya bayan magariba fitila ta mutu, batirin ya tsufa. Batir mai murfi da ruwansa ya ja baya, ruwan batir da aka tace ake ƙara masa, ba na rijiya ba.

Fitilar da ke haɗe da farantinta a jiki ɗaya kuwa, ba ta kamawa da rana. Ku rufe farantin da hula ko tafin hannu, ta ɗauka dare ne. In ta kama, lafiyarta ƙalau.

Darasi na 4: Ƙara fitilu

Harafin W a jikin ƙwai yana nufin wat, yawan wutar da yake ci. Ƙwai uku masu 5W, ɗaya a ƙofar zaure, ɗaya a turke, ɗaya a hanyar makewayi, sun zama 15. A dare na awa 10, 15 sau 10 ya ba da 150. Ah a jikin batir yana nuna yawan wutar da yake iya ajiyewa. Batir mai 12V da 40Ah yana ɗaukar 12 sau 40, wato 480, amma rabi kawai ake sha in ana so ya daɗe, wato 240. Ya isa. Faranti mai 80W zai cika shi, har da rarar ranakun hadari da hazo. Waya ta zama mai kauri, wadda aka rubuta wa 2.5mm², siririya tana zubar da wuta a hanya.

In za ku canza batir zuwa babba, kun san tsarin. Faranti ya fita, sannan batir. Wajen mayarwa, batir ne farko.

Darasi na 5: Zaɓe a kasuwa

Fitilar waje ta zama an rubuta mata IP65, wato ƙura da ruwan sama ba sa shiga. Kada babbar lambar da ke jikin kwali ta ruɗe ku. Ku dubi faɗin farantin, ku ɗaga ku ji nauyi. Haske mai ruwan ɗorawa bai kai fari tas jawo ƙwari ba. Batirin mota ba ya jure wannan aiki.

Darasi na 6: Wurin kafawa

Faranti ya kalli kudu, ya ɗan karkata yadda ruwa zai gangara. In kun fuskanci gabas, kudu na hannun dama. Fitila ta yi tsayin mita 3, ta kalli ƙasa. A yi amfani da turken ƙarfe saboda gara. Batir ya zauna a inuwa, inda iska ke shiga, nesa da murhu da hannun yara.