Yadda zaka canja tsohon katakon tsalle na suwimin ful ɗin gidanka

Gidaje da yawa a Nassarawa GRA da Bompai da aka gina su da suwimin ful tun shekaru aru-aru har yau katakon tsallen da aka kafa tun farko shine a wajen, rana ta gasa shi ya yi fari fat, yashin samansa mai hana santsi ya cinye, amma yara na ta hawa suna alkafura. Masu ƙera shi kansu cewa suke shekara 7 zuwa 10 ya kamata a canja, toh balle a Kano da zafin Afrilu ke haura digiri 40 ga ƙurar hunturu ga kulorin. Cikin yawancinsu itace ne aka lulluɓe da faiba, da zarar faibar ta tsage ruwa ya samu hanya itacen ruɓewa zai yi daga ciki kai kana ganinsa lafiya lau daga waje.

Ka durƙusa ka leƙa ƙarƙashinsa, nan ne gaskiyar take. In kaga tsaga sirara kamar gashi musamman wajen da ya hau kan robar tsakiya da yake dogara a kai ko kewayen ramin noti, ko ka danna da babban yatsa kaji ya lotsa, ko tsatsa ta zubo ta yi jan layi a jikin ƙafar da aka ɗora katakon a kai, ko ka jiƙa samansa ka shafa kaji santsi, ya gama aiki. Ka hana hawa tun daga ranar.

Amma dan Allah kafin ka kashe ko sisi ka fara auna zurfin ruwan, wannan shine abin da ya fi damuna a maganar nan gaba ɗaya. Ful da yawa a garin nan birkila ne ya haƙa da ido, ba zane ba injiniya, aka zo aka ɗora katako saboda ya yi kyau. A ƙa'idar Amurka ta ful ɗin gida, mafi ƙanƙantar ful da aka yarda a sa wa katakon tsalle sai zurfinsa ya kai ƙafa 7 da rabi, kusan mita 2.3 kenan, kuma wannan na ɗan ƙaramin katako ne, in ya fi tsayi ko ya fi wulla mutum sama sai zurfin ya ƙaru. Ka samu doguwar gora ko fayif ka auna daga saman ruwa zuwa ƙasa, ba daga bakin tayil ba, domin lokacin zafi ruwan na ja baya sosai in ba'a ƙara daga bohol. Kuma kar ka auna ƙarƙashin bakin katakon kawai ka ce shikenan, mai tsalle ai gaba yake tafiya, ka riƙa matsawa gaba kana aunawa har inda ƙasan ya fara hawa zuwa ɓangaren yara. Wannan gangaren shi ke karya wuya, saurayi mai tsayi da nauyi ya shiga da ka ya daki gangaren, laka ta taɓu, daga nan sai asibitin ƙashi na Dala, wani ma ya tashi ba ya motsa hannu ba ya motsa ƙafa har ƙarshen rayuwa. In zurfin bai kai ba, ko gangaren ya yi kusa, cire tsohon zaka yi ka toshe ramukan da siminti ka haƙura da sabo. Ni dai shawarata kenan ko da yara zasu yi fushi. Ka ɗaga kai kuma ka duba sama, reshen darbejiya ko mangwaro da ya girma ya rufo wajen, ko wayar wuta da aka ja daga baya.

Toh in zurfi ya yi, sai maganar aune-aune. Katakon da ƙafarsa tare aka ƙera su, ba kowane katako ke hawa kowace ƙafa ba. Katakon gida yawanci tsawonsa ƙafa 6 ne ko 8 ko 10. Ka ɗauko tef ka auna tsawonsa da faɗinsa, ka auna tazarar da ke tsakanin ramukan noti biyun nan na baya daga tsakiyar rami zuwa tsakiyar rami, sannan ka auna daga layin notin zuwa inda katakon ke dogara a kan roba. Wannan na ƙarshen shine mutane ke mantawa, kuma in bai dace ba katakon zai karye ko ya wulla mutum inda ba'a shirya ba. Ka duba gefe ko ƙarshen katakon ko akwai sauran takardar kamfani, irin su S.R. Smith da Inter-Fab suna manna lamba, ka ɗauki hotonta da waya ka tura wa mai sayarwa tare da aune-aunen. Akasari sai dai a yo maka oda daga Legas ko Abuja wajen masu kayan ful, wani lokaci ma daga waje, saboda haka ka sa rai zai ɗau lokaci. Ka sayi daidai tsawon na da, kar ka ce bari a ƙara tsayi tunda kuɗi ya zo. Kuma ka tambayi nauyin da yake ɗauka, yawancin na gida iyakarsu kilo 113.

Za'a samu mai walda ko kafinta da zai ce maka "Alhaji ai wannan ba wani abu bane, kawo in haɗa maka da katako mai kauri mu shafe shi da fenti." Ka yi masa godiya ka ce a'a. Aikinsa na da kyau a ƙofa da taga, amma wannan abu ne da ke lanƙwasa ya miƙe sau dubbai da mutum a kansa. Haka nan in sabon ya zo ramukansa basu dace da ƙafar ba kar a huda sabon rami, maida shi za'a yi ko a canja ƙafar.

Ranar cirewa ku zama mutum biyu, yana da nauyi fiye da yadda ido ke gani. Tun ana gobe da daddare ka fesa wa notikan WD-40, man nan mai sassauta tsatsa, su kwana suna sha. Ka ɓalle murfin robar da ke kan notin, ɗaya ya riƙe kan da sifana daga sama ɗaya ya kwance daga ƙasa. Sau da yawa tsatsa ta riga ta haɗe su sai an yanka da garanda, toh a nan ka shimfiɗa tampol ka rufe ruwan da tayil ɗin bakin ful, domin garin ƙarfen da ke tashi in ya faɗa ruwa washegari zaka ga ɗigo-ɗigon tsatsa ja a ƙasan ful ɗin kuma fitarsu wahala. Wayar garandar ma a nisanta ta da ruwa, ƙasa ta zama busasshiya.

Da an ɗauke katakon sai ka juya kan ƙafar. Ka kama ta ka girgiza da ƙarfi, in ta yi motsi ko kaɗan akwai matsala. Ka duba notikan da suka fito daga cikin kankare, in sun sirance saboda tsatsa ko zarensu ya cinye, ko kankaren ya tsage a kewayensu, ba'a ɗora sabon katako a kai. Gyaran da ya fi kwanciyar hankali shine a fasa wajen a binne sabon ƙarfen gindi da ke zuwa tare da ƙafar, a zuba kankare mai kauri aƙalla inci 6 da rodi a ciki a haɗe shi da sauran daɓen, a riƙa bashi ruwa safe da yamma, kuma a ƙyale shi kwana 28 kafin kowa ya hau. Birkila zai ce sati ɗaya ya isa, ka ce masa Malam ba sauri muke ba. Tun kafin a zuba kankaren ka kira mai gyaran wuta ya haɗa ƙarfen gindin da wayar atin ɗin da ta haɗe famfon ful ɗin da fitilunsa da tsaninsa, saboda jiƙaƙƙen mutum da ƙarfe da wutar da ta zille ba wasa bane, ga mu kullum ana canjawa tsakanin NEPA da janareta da sola.

Ɗora sabon shine mafi sauƙi. Ka sa sabuwar roba a tsakiya da ta ƙarƙashin noti, kar ka maida tsofaffin da suka bushe suka tsattsage. Ka yi amfani da notikan da suka zo cikin kwalin, na sitenles ne, in babu ka nemi sitenles na gaske kar a haɗa ka da na ƙarfen gini a Kofar Ruwa don ya fi araha. Washa ta roba a sama ƙarƙashin kan notin, washa ta ƙarfe da mai sifirin a ƙasa, ka ɗan shafa giris a zaren domin sitenles na da halin cijewa. Ka ɗaure su bi da bi, wannan kaɗan wancan kaɗan, har su kama sosai amma kar ka haye sifana da ƙafa, matsewa fiye da kima na fasa faibar ruwa ya shiga. In takardar kamfanin ta faɗi iyakar ɗauri ka bi ta. Ka tabbata katakon na kallon tsakiyar zurfin bai karkace ba kuma bakinsa bai sunkuya ƙasa ba, sannan babba ɗaya ya taka a hankali ya ɗan girgiza yana sauraren ƙara kafin a bar yara. Bayan sati biyu ka sake bi ta kan notikan.

Wankinsa ruwa ne da sabulu mara ƙarfi da burushi mai laushi, musamman da hunturu da ƙura ke cika yashin samansa ta maida shi santsi, kar a sa masa asid ɗin wanke tayil kuma kar a yi masa fenti. In za'a daɗe ba'a shiga ruwan ba ka rufe shi da tampol saboda rana. Yara kuma ka gaya musu tun ranar farko, mutum ɗaya a kai, tsalle ɗaya, gaba ake faɗawa ba gefe ba, kuma sai na cikin ruwa ya matsa tukuna.