Kurakuran da manoma ke ta maimaitawa kan tallafin gwamnati

Yawancin masu zuwa wurina da fom a nan Jos ba su ma san wane irin tallafi suke nema ba. Wani rangwame ne, irin na tsarin GES na 2012, lokacin Akinwumi Adesina yana ministan noma: saƙo ya shigo wayarka, ka biya rabin kuɗin buhu biyu na taki, gwamnati ta cika sauran. Wani kuwa bashi ne tsagwaronsa. Wasu ma na jiran a biya su idan farashi ya faɗi, kamar yadda Amurka ta riƙa cike wa manomanta giɓi a ƙarƙashin dokar noma ta 2014. A nan in dankali ya karye a kasuwar Maikatako da ke Bokkos, kai ya karye wa.

Kuskuren da ya fi ƙona min rai shi ne ɗaukar bashi a matsayin rabon arziki. Shirin Anchor Borrowers da Babban Bankin Najeriya ya ƙaddamar a Kebbi a Nuwamba 2015 rance ne: a ba ka iri da taki da maganin feshi, ka biya da amfanin gona bayan girbi. Kuma ƙungiya-ƙungiya aka riƙa karɓa, kowa ya tsaya wa ɗan'uwansa. A ƙungiyarmu, wasu ko gona ba su kai takin ba. A bakin wurin rabo suka ɗora wa ɗan kasuwa a mota, buhunan ko kwance ɗinkinsu ba a yi ba, suka karɓi abin da bai kai kuɗinsa ba. Da kaka ta yi, mu da muka biya namu cif aka haɗa aka rufe mana ƙofa. Haba jama'a! Wai "ai kuɗin gwamnati ne". To BVN ɗin wa aka rubuta? Naka ne, kuma bashin na nan a kansa. Ni yanzu duk wanda ban taɓa taka gonarsa da ƙafata ba, ba na sa hannu a takarda ɗaya da shi, ko da ɗakinmu ɗaya.

Sai inshora. Hukumar inshorar noma ta ƙasa, NAIC, na nan tun 1987, gwamnati kuma na ɗaukar rabin kuɗin inshorar amfanin gona, amma manomi sai ya ce asara ce. Da cutar ƙunar ganye ta cinye dankali a Bokkos da Mangu a 2022, an ga amfaninta. Masu ita ma suna ɓata wa kansu: ganye ya yi baƙi, su tuge, su sake shuka, sannan su je neman diyya. Jami'i zai zo ya ga me? Ranar da ka ga ɓarna ka ɗauki hoto, ka sanar da malamin gona da ofishin inshora, kar ka taɓa kunya ko ɗaya sai an zo an duba.

Kada ka ba wani layin wayarka ya riƙe maka, ta nan saƙon rabo ke zuwa. Sunan da ke NIN ya dace da na banki harafi da harafi. Mai eka ɗaya kar ya rubuta biyar, domin bashin biyar zai biya.

Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi ya sa sunanka a jerin masu cin gajiya, ka wuce ofishin PADP, hukumar bunƙasa aikin gona ta Jihar Filato, da ke Dogon Dutse a Jos, ka tambaya da bakinka.