Yadda Ake Raya Lambun Gida a Bazara

Daga tsakiyar Maris har saukar damina, zafin rana a ƙauyukan Kano da Jigawa yakan haura digiri 40, rijiyoyi su ja baya. Mafi yawan lambunan bayan gida da ke mutuwa a wannan lokaci ana ba su ruwa kullum, sai dai ruwan ba ya zama a ƙasa. Rana ce ke shanye shi kafin saiwa ta samu.

Tun farko a daina wahala da abin da ba ya son zafi. Salak da kabeji da karas na hunturu ne. Salak ma da ya ji zafi sai ya yi tsiri ya yi ɗaci. Tumatir yakan rayu, amma idan zafi ya wuce digiri 35 furensa zubewa yake yi, shi ya sa yake tsada a ƙarshen bazara. Masu jurewa su ne kuɓewa, alayyafo, rama, yakuwa, lalo da zogale. Barkono ma yana yi idan ya samu 'yar inuwa.

Ban ruwa shi ne aikin. Fangali mai faɗin mita 1 da tsawon mita 2 yana buƙatar kamar lita 15 zuwa 20 a rana, wato kusan jarka guda. A ba da kashi biyu cikin uku da sassafe, ragowar bayan la'asar. Ƙasar jigawa mai rairayi ba ta riƙe ruwa, dole a yi mata sau biyun nan. Ta fadama mai laka kuwa sau ɗaya ya isa, idan aka cika mata sai saiwa ta ruɓe. A zuba a gindi a hankali har ya nutse. Yayyafi a saman ƙasa yana sa saiwoyi su taru a sama inda zafi ya fi, rana ɗaya aka yi fashi shuka ta kwanta.

Ga gwaji mai sauƙi: a tura yatsa cikin ƙasa har ya nutse duka. In an ji danshi, a ƙyale. Ganye ya yi yaushi da azahar ba abin tsoro ba ne, da yamma zai miƙe. Wanda aka tarar a yaushe da asuba shi ne mai jin ƙishirwa da gaske.

Inda ruwa ke wuya, a binne tulun ƙasa a tsakiyar fangali har wuyansa, a cika shi, a rufe baki da faifai ko fasasshen kasko saboda sauro. Ruwan zai riƙa tsatsafowa ta jikin tulun, shuka huɗu ko biyar da ke kewaye su sha, sai a duba shi duk bayan kwana biyu ko uku. Ruwan alwala da na wanke hatsi duk suna da amfani. Na wanki mai omo kuwa a kai shi nesa, gishirinsa taruwa yake yi ya kashe ƙasa.

Sannan a rufe ƙasar. A shimfiɗa busasshiyar ciyawa, ƙaiƙayi ko buntun shinkafa, kaurin yatsu huɗu, bayan an sassaƙa saman ƙasa an ba ta ruwa. Kada shimfiɗar ta taɓa karan shuka, a bar tazarar yatsu uku. Matsalarta ɗaya ce, gara. A riƙa ɗagawa ana dubawa duk mako, in an gan ta a barbaɗa toka kaɗan a gefen fangali.

Inuwa kuma rabi ake so. Rumfar karan dawa da aka jera da tazara, tsayinta kamar mita ɗaya da rabi, ko tsohon gidan sauro, ta wadatar. Zana ta fi dacewa a ɓangaren yamma, don ranar la'asar ta fi ƙuna. Inuwa mai duhu tana sa shuka ta yi tsawo siririya ba 'ya'ya.

A yi hattara da taki. Ɗanyen kashin kaji a bazara wuta ne. Sai ya ruɓe ya yi baƙi, warinsa ya tafi. Yuriya ma kada a zuba ta a busasshiyar ƙasa. Cikin murfin kwalbar lemo ɗaya ya ishi gindi guda, a binne nesa da kara kamar faɗin tafin hannu, a bi da ruwa nan take.

Idan gindin ɗan tumatir ko tattasai ya yi baƙi ya lotsa, kada a sayi maganin feshi. Ban ruwa ne ba daidai ba, yau a cika gobe a bari, sai sinadarin kalsiyam ya kasa isa ga ɗan. A daidaita ruwa, masu fitowa daga baya za su gyaru.

Ƙwari a ƙarƙashin ganye suke ɓuya, nan za a duba. Darɓa tana sa ganye ya nannaɗe ya yi danƙo, farin ƙuda kuma shi ke yaɗa cutar da ke murɗe ganyen tumatir. A daka busassun 'ya'yan darbejiya rabin kilo, a jiƙa a ruwa lita 10 su kwana, a tace da ƙyalle, a narka ɗan sabulun wanka a ciki. A fesa da yamma, sama da ƙasan ganye, duk bayan kwana 7. Feshin tsakar rana ƙona ganye yake yi. Tsutsar nan ta Tuta absoluta, wadda ta cinye tumatirin Kano a 2016, tana shiga cikin ganye ta bar fararen tabo kamar an kankare. Tunda a ciki take, feshi bai cika samunta ba. A tsinke ganyen a ƙona shi.

Danga ma a duba ta, don a bazara lambun ne kaɗai kore a unguwa, akuya kuma ta sani. Da hadari ya fara haɗuwa a ƙarshen Mayu, a kafa wa tumatir da barkono sanda, a sauke rumfar kafin iska ta kayar da ita a kansu, a buɗe wa kowane fangali hanyar da ruwa zai fita.