Yadda Za Ka Gane Iyakar Ikon Ƙaramar Hukuma a Kan Ginin da Ke Filinka

Idan ma'aikata suka zo suka shafa jan fenti a katangarka, ko suka ce ka dakatar da gini ko ka rushe rumfar da ka kafa a ƙofar gida, abu na farko shi ne ka tabbatar da hukumar da ta aiko su, domin yawancin rigingimun irin wannan suna tasowa ne daga rashin sanin wanda doka ta ba iko. Ka nemi takarda mai ɗauke da sunan hukumar, da sa hannun jami'i, da sashen dokar da ake cewa ka saɓa. Umarnin baki ba ya zama hujja.

Daga nan sai ka bincika ko filinka yana cikin yankin da gwamna ya ayyana a matsayin birni. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, kuma sashe na 2 ya raba aikin gida biyu: filayen birni suna ƙarƙashin kulawar gwamna, na karkara kuma ƙarƙashin ƙaramar hukuma. Saboda haka a cikin birni, amincewa da zanen gini da bayar da umarnin rusau aikin hukumar tsara birane ta jiha ne, kamar KNUPDA a Kano ko KASUPDA a Kaduna. Kotun Ƙoli ma ta yanke a 2003, a ƙarar da Jihar Legas ta shigar da gwamnatin tarayya, cewa tsara birane hurumin jihohi ne. Abin da jadawali na 4 na kundin tsarin mulki na 1999 ya ba ƙaramar hukuma ya haɗa da sanya wa tituna suna da gidaje lamba, ƙiyasta harajin gida, kwashe shara, da kula da kasuwanni, tashoshin mota, shaguna, gidajen abinci da allunan talla. Tana iya tambayarka izinin buɗe shago, amma wannan bai ba ta ikon ture ɗakin kwananka ba, sai idan dokar jiharku ta miƙa mata wannan aiki ƙarara.

A karkara ikonta ya fi faɗi, kuma nan ne ya kamata a natsu sosai. Sashe na 6 na Dokar Amfani da Ƙasa ya ba ta damar bayar da haƙƙin zama na gargajiya, har hekta 500 don noma da hekta 5,000 don kiwo ba tare da amincewar gwamna ba, kuma tana iya karɓar fili don amfanin jama'a, kamar makaranta ko asibiti. To amma ba ta da ikon taɓa filin da ke da takardar mallaka daga gwamna, kuma wajibi ne ta biya diyyar gini da amfanin da ke kan filin, idan gona ce kuma ta ba da wata a madadinta. Idan ta ƙi biya, dokar ta ba gwamna damar ƙiyasta diyyar ya umarce ta ta biya. Abin takaici ne yadda manoma da yawa ke sallama gonakinsu na gado saboda ba su taɓa jin wannan tanadi ba.

Ka tattara takardar ciniki, shaidar dagaci ko mai unguwa, rasidan haraji da zanen da aka amince da shi, ka ɗauki hoton ginin da alamar da aka yi masa, sannan ka amsa sanarwar a rubuce, ka riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa. Wanda ya yi gini a kan magudanar ruwa ko ya ci hanya ya sani cewa takardar fili ba za ta kare shi ba.

Idan barazanar rusau ta matso, ka garzaya wurin lauya ya nemi umarnin dakatarwa daga kotu, yana dogaro da sashe na 36 da na 44 na kundin tsarin mulki, waɗanda suka tanadi haƙƙin a saurare ka da haƙƙin diyya cikin hanzari. Ka gaggauta, domin dokokin jihohi da dama sun sharɗanta a ba ƙaramar hukuma sanarwa a rubuce kafin a maka ta a kotu.