Darasi na 7: Famfon da Za Ka Riƙe a Hanya

Kafin ka sayi famfo, duƙa ka duba bawul ɗin tayarka. Nan ne masu keke da yawa suke yin asarar kuɗi, domin ba kowane famfo ne yake shiga kowane bawul ba.

Bawul iri uku ne. Akwai na tsofaffin kekunan kasuwa irin su Raleigh da Phoenix, wanda ake kira Dunlop, mai 'yar roba a ciki. Akwai mai kauri irin na babur da mota, wato Schrader. Sai siriri mai ɗan noti a kai, wato Presta, wanda aka fi gani a kekunan tsere. Shi wannan sai ka sassauta notin kafin iska ta shiga. Abin da ya fi shi ne ka tura kekenka har gaban mai shago, ka gwada famfon a kan tayarka kafin ka biya.

Ga mai zuwa gona ko cin kasuwar ƙauye, dogon famfon hannu mai tiyo ya fi. Tiyon yana da amfani babba: idan babu shi, duk bugun da ka yi yana jijjiga bawul, har gindinsa ya yage daga jikin tub, kuma wannan yagewar ba ta facuwa. Ƙaramin famfo na aljihu yana da sauƙin ɗauka, amma zai iya cin bugu 200 ko fiye kafin taya ta yi tauri. Akwai kuma ɗan gwangwanin iska mai giram 16 da yake cika taya nan take. Sau ɗaya ake amfani da shi, iskarsa tana saurin zurarewa, kuma yana yin sanyi ƙwarai a hannu. Kada ka dogara da shi kaɗai.

A cikin famfon hannu akwai fata ko roba da take tura iska. Lokacin hunturu fatar tana bushewa, sai ka yi ta bugu iska ba ta tafiya. Kwance murfin, ka zaro sandar, ka ɗiga wa fatar man keke digo biyu ko uku, ka murza ta da yatsa har ta yi laushi.

Famfo ba ya toshe huda, ga shi kuma tsidau da ƙaya ba sa raga wa taya. Don haka haɗa da faci, da gam, da 'yar takardar yashi, da ƙarafan cire taya guda biyu. Mai bawul ɗin Dunlop ya ƙara da robar bawul biyu, domin zafi yana tsattsaga ta. In kana zargin bawul, shafa masa yawu: idan ya yi kumfa, nan ne iskar take fita.

Yawan iskar da taya take ɗauka yana rubuce a gefenta, lamba ce tare da haruffan PSI, wato ma'aunin matsin iska. Kada ka wuce ta, musamman in za ka hau kwalta da tsakar rana, saboda zafi yana ƙara matsin iska. Ƙarancin iska ma illa ne: ka faɗa rami da kaya, ƙarfen wili ya matse tub ya yi masa huda biyu a jere.

Aiki: sace iskar tayarka ta baya a gida, ka cika ta da famfonka, ka ƙirga bugu nawa ta ci, ka rubuta lambar a littafinka.