Yadda Ake Zaɓen Ragon Iri: Sikeli Kafin Gwajin DNA

A kasuwar Mai'adua ido ke zaɓen rago, amma ido ba mudu ba ne. Ragon da ya sha dusa da harawa zai cika fuska, sai dai 'ya'yansa ba za su gaji dusar ba. Ga yadda mai binciken kiwo, ko mai garke a Daura, zai raba gado da gata.

Da farko, sa wa kowane ɗan tunkiya lamba a kunne. Rubuta a littafi uwarsa, ubansa, ranar haihuwa, da ko tagwaye ne.

Na biyu, auna su a sikeli idan kowannensu ya kai watanni iri ɗaya da haihuwa, misali wata 6. Kada ka gwada haihuwar damina da ta bazara, ko Balami da Yankasa.

Na uku shi ne lissafi, inda mutane ke gudu alhali nan ribar take. Tun 1918 masanin lissafi da ilimin gado Ronald Fisher ya nuna cewa siffa irin su nauyi ƙwayoyin halitta masu yawa ke haɗa ta, kowace da ɗan kasonta, muhalli ya ƙara nasa. A ce matsakaicin garkenka kilo 20 ne, iyayen da ka ware kuma 24. Tazara kilo 4. In kason gado, wato ɓangaren bambancin nauyi da ake gada daga iyaye, kashi 30 cikin 100 ne, ƙarin da za ka sa rai ga 'ya'ya kilo 1.2 ne kacal. In ragon kaɗai ka zaɓa, rabin haka. Kaɗan ne, amma yana taruwa zuriya bayan zuriya.

Sai na huɗu, gwajin DNA. A ɗauki jini ko ɗan fatar kunne a kai ɗakin gwaji, a karanta dubban alamomin gado da ke cikin DNA ɗin. Dabarar da masana Meuwissen, Hayes da Goddard suka fitar a 2001 tana hasashen ƙimar rago tun yana shan nono. Amma kwamfuta daga littafinka take koyon wace alama ke tafiya da nauyi, kuma sai an haɗa bayanan garkuna masu yawa. Hasashen da aka gina kan tumakin Ostareliya ba zai zauna daidai kan Uda ba.

Na biyar, sauya rago kafin ya fara barbarar 'ya'yansa, ka ci gaba da awo. Ga mai son shiga binciken sosai, cibiyar binciken kiwon dabbobi ta ƙasa, NAPRI, da ke Shika, Zariya, aikinta ke nan. Ka je da littafinka a hannu.