Kumfa a cikin roba: ku gasa kafin ku taɓa inji

'Yan uwa masu buga roba a Katsina, in kun ga kumfa cikin kaya, kada ku yi saurin murɗa saitin inji.

Ku ɗan gasa wurin da iska mai zafi har ya yi laushi.

In ya kumburo, iska ce ko danshi ya maƙale. Ku busar da robar sosai kafin ku zuba ta a inji. Nau'in robar da ake kira ABS na son awa 2 zuwa 4 a digiri 80 na ma'aunin Celsius. Niƙaƙƙiyar tsohuwar robar da aka wanke kuwa, da damina shanya kaɗai ba ta isa. Ku share hanyoyin fitar iska na mol ma, wato mazubin da ke ba kayan siffa.

In ya loɓa ciki, kogo ne. Wuri mai kauri, irin gindin hannun bokiti, ya tsuke wajen hucewa. Ku ƙara matsin riƙewa, wato matsin da inji ke ci gaba da yi bayan mol ya cika, da lokacinsa.

A baƙar roba dabarar ba ta ci, don ba a ganin kumfar, in an yanka kuma iskar ta tsere.